Agogon Masu Nutso: Yadda Kayan Aikin Ƙarƙashin Teku Ya Zama Na Kowa

A kasuwannin intanet na yau, da abin da bai kai dala 300 ba mutum zai iya mallakar agogon hannu mai siffofi uku: gidansa na ƙarfen titaniyam ne, injinsa yana wana kansa ba tare da batir ba, fuskarsa kuma tana ɗauke da rubutun cewa zai jure ruwa har zurfin mita 200. A shekarar 1975, samfuri ɗaya tak ne a duniya ya haɗa titaniyam da inji mai wana kansa a cikin agogon nutso, kuma sai da injiniyoyin kamfanin Seiko na Japan suka shafe shekara bakwai kafin su fito da shi. Tarihin da ke tsakanin wancan agogo da na yau zai amfani duk mai niyyar saye, domin yana nuna abin da ya yi araha da gaske, da kuma abu guda da har yanzu bai yi ba.

Ruwa da ƙofar da yake bi

Babban makiyin agogon hannu tun farkonsa shi ne danshi. Ruwa da ƙura suna shiga ta bayan agogo, ta gefen gilashi, musamman kuma ta ɗan kunnen da ake murzawa a wana shi ko a saita lokaci. A 1926 Hans Wilsdorf, wanda ya kafa Rolex, ya fito da samfurin Oyster, wanda bayansa da kunnensa duk ake ɗaure su kamar noti. A watan Oktoban 1927 wata 'yar Ingila mai ninƙaya, Mercedes Gleitze, ta shafe sama da awa goma a cikin ruwan tekun da ya raba Ingila da Faransa ɗauke da wannan agogo, ya kuma fito yana aiki. Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata labarin.

Amma da sauran rina a kaba. Agogon da ake wanawa da hannu dole ne a kwance kunnensa kowace rana, kuma kowace kwancewa tana cin abin da ke tare ruwan. Wani magyarin agogo ɗan Ingila, John Harwood, ya riga ya hango wannan matsala, ya yi rajistar agogon hannu mai wana kansa a 1924. A 1931 Rolex ya kyautata dabarar da wani ɗan ƙarfe mai nauyi, mai siffar rabin wata, wanda ke jujjuyawa a bayan inji duk lokacin da hannu ya motsa, yana ɗaure sifirin da ke tafiyar da agogon. Daga nan kunne ya samu hutu, yana iya zama a ɗaure kwana da kwanaki. Wannan ne dalilin da ya sa inji mai wana kansa ya zama abokin tafiyar agogon ruwa.

Lokacin da minti ya zama rai

A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques-Yves Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke bai wa mutum damar goya tukunyar iska ya nutsa ba tare da igiya ko bututu daga sama ba. Wannan 'yanci ya zo da haɗarinsa. Kowane mita goma na zurfi yana ƙara matsi daidai da nauyin iskar da ke kan mutum a doron ƙasa, iskar tukunya tana ƙarewa da sauri gwargwadon zurfi, sannan iskar naitirojin tana taruwa a jini gwargwadon daɗewa. Wanda ya zarce lokacinsa ya taso da gaggawa, naitirojin ɗin zai yi kumfa a jikinsa, ya shanye masa gaɓoɓi ko ya kashe shi. Saboda haka mai nutso yana buƙatar sanin minti nawa ya yi a ƙasa, cikin duhu, da kallo ɗaya.

Amsar ta zo a 1953. Jean-Jacques Fiechter, shugaban kamfanin Blancpain na Suwizalan, wanda shi ma yana nutso, ya haɗa kai da hafsoshi biyu na rundunar sojan nutso ta Faransa, Robert Maloubier da Claude Riffaud, suka fito da Fifty Fathoms, mai jure zurfin kusan mita 91. A wannan shekara kuma Rolex ya ƙera Submariner mai mita 100. Siffar da suka kafa ita ake bi har gobe: baƙar fuska, manyan alamomi masu haske a duhu, da zobe mai juyawa a kewayen gilashi. Mai nutso yana daidaita alamar zoben da hannun minti kafin ya shiga ruwa, sai ya riƙa karanta mintocin da suka wuce kai tsaye. Daga baya aka mayar da zoben yana juyawa gefe ɗaya kawai, ta yadda in ya bugi dutse ya goce, zai nuna an daɗe fiye da gaskiya, mai nutso ya taso da wuri.

Wasiƙa daga Kure

Seiko ya shiga fagen a 1965 da agogo mai mita 150. A 1968 kamfanin ya samu wasiƙa daga wani ƙwararren mai nutso a birnin Kure na lardin Hiroshima, yana koka cewa agogunan ba sa jure irin aikinsa. Irin waɗannan ma'aikata suna kwanaki a cikin rufaffen ɗaki mai matsi, suna shaƙar iskar da aka gauraya da hiliyam. Ƙwayoyin hiliyam ƙanana ne ƙwarai, suna kutsawa cikin agogo a hankali, in aka zo rage matsi sai su kumbura su fizge gilashin. Rolex da Doxa sun magance wannan da ɗan bawul mai fitar da iskar. Ƙungiyar injiniya Ikuo Tokunaga a Seiko ta zaɓi ta hana iskar shiga tun farko, da gida wanda ba a buɗe shi ta baya da kuma sabon salon zoben roba. A 1975 suka fitar da agogo mai jure mita 600, na farko a cikin agogunan nutso da aka yi gidansa da titaniyam.

Ƙarfe mai yawa, mai wuyar sha'ani

Wani limamin coci a Cornwall ta Ingila, William Gregor, shi ya fara gano titaniyam a cikin baƙin yashi a 1791, Martin Heinrich Klaproth na Jamus kuma ya raɗa masa suna a 1795. Ƙarfen yana cikin ma'adanan da suka fi yawa a ƙasa, Saliyo ma tana cikin ƙasashen da suka yi suna wajen haƙar yashin da ake samunsa. Wahalar tana wajen tacewa, domin in ya yi zafi yana haɗuwa da iska ya lalace. Sai da William Kroll, ɗan Luxembourg, ya samo hanyar tace shi da sinadarin magniziyam a shekarun 1930, sannan aka fara samar da shi da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sojoji ne suka fara cin moriyarsa: Amurka ta gina jirgin leƙen asirin SR-71 da shi, Tarayyar Sobiyat kuma ta yi jiragen ƙarƙashin teku.

Abin da ya ja hankalin masu agogo a fili yake. Titaniyam ya fi ƙarfen da aka saba yin agogo da shi rashin nauyi da kusan kashi 40 cikin ɗari, ruwan gishiri da gumi ba sa cin sa, kuma babu sinadarin nikel da ke sa wa wasu ƙaiƙayi. Sai dai yankansa yana cin bakin injin yanka, saboda ba ya watsa zafi. Citizen ne ya fara yin agogon titaniyam a 1970, bai kuma ƙera ko guda 2,000 ba.

Yadda farashi ya faɗo

Abin mamaki, agogon ya fara araha ne bayan aikinsa ya ƙare. A ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon batir mai ƙirga lokaci da girgizar dutsen kwaz, kuma cikin shekara ashirin ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga kusan 90,000 zuwa kusan 30,000. A 1983 aka fara sayar da Orca Edge, ɗaya daga cikin kwamfutocin nutso na farko, mai lissafa zurfi da lokaci da naitirojin a tare. Yau wannan na'ura ce masu nutso suke dogara da ita. Agogon inji ya koma abin sha'awa da ado, kuma masu sha'awa sun ninka masu nutso yawa nesa ba kusa ba.

Abubuwa uku suka biya wa wannan kasuwa buƙata. Na farko, Seiko da Citizen suna sayar wa kowane kamfani injinansu, irin su NH35 da Miyota 8215, a farashi mai sauƙi. Na biyu, ƙasar Sin ta zama kan gaba a duniya wajen tace titaniyam, birnin Baoji ya zama cibiyarsa, masana'antun Shenzhen da Dongguan kuma suka cika da injinan yanka masu aiki da kwamfuta. Na uku, dandalin Kickstarter da aka buɗe a 2009 da AliExpress na 2010 sun bai wa ƙananan kamfanoni damar kai kaya hannun mai saye ba tare da dillali ko kanti ba. Rolex kuwa bai fitar da agogon da aka yi gaba ɗaya da titaniyam ba sai 2022, lokacin da ƙananan kamfanoni sun riga sun daɗe suna sayar da nasu.

Abin da araha ba ta kawo ba

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a nan adon ne ya fi komai araha. Abin da ke cin kuɗi har yanzu shi ne gwaji. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6425 ta shar'anta cewa agogon nutso ya jure aƙalla mita 100, a iya karanta shi a duhu daga nisan santimita 25, ya jure bugu da maganaɗisu da ruwan gishiri, sannan a gwada kowane guda ɗaya a matsin da ya zarce abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ne ke da hurumin ɗaukar kalmar Diver's. Da yawa daga cikin masu araha sun ɗauki siffar ne kawai, kuma ba su yi da'awar wannan gwaji ba.

Akwai wasu bambance-bambance biyu. Yawancin masu araha ana yin su da tsantsar titaniyam mai daraja ta 2, wanda ke saurin karcewa, alhali mai daraja ta 5, wanda aka gauraya da kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, ya fi tauri kuma ya fi tsada. Injin NH35 kuma, bisa alƙawarin masu yin sa, yana iya yin baya da daƙiƙa 20 ko gaba da daƙiƙa 40 a rana, in aka ajiye shi kusan awa 41 sai ya tsaya. Agogon batir na talaka ba ya kuskuren da ya kai haka a wata guda.

Ga wanda ruwansa bai wuce na alwala da damina da wurin ninƙaya ba, irin wannan agogo ya ishe shi har ya yi rara, muddin yana ɗaure kunnen sosai, yana kuma kai shi a duba zoben roba bayan 'yan shekaru, tun da roba tana bushewa, musamman a ƙasa mai zafi. Wanda kuwa zai goya tukunyar iska ya dogara da agogon a ƙarƙashin teku, sai ya nemi kalmar Diver's a jikinsa da lambar ISO 6425 a takardunsa kafin ya biya kuɗi.