Wuƙa da Fuska: Tsakanin Gyaran Aibi da Neman Ƙarin Kyau

Wanda ya yi sammako ya shiga kasuwar Abbatuwa a nan Jos, tun sanyin tsauni bai saki gari ba, ya tsaya gaban teburin wani dattijon mahauci yana jiran a yanka masa tsoka, zai ga asali rubuce a kumatunsa: tsagar gado wadda wanzami ya yi masa da aska tun yana jinjiri, wadda ke shaida Bagobiri ne ko Bakabe tun bai buɗe baki ba. Jikokinsa kuwa fuskokinsu sumul, saboda wa'azin malamai, da kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 wadda ta hana yi wa yaro zane. Sai dai a wayoyin waɗannan jikoki ne ake tallar hancin da likita ya sassaƙe da goshin da allura ta share wa tamoji, har ya zamana askar da muka raka bakin ƙofa tana neman dawowa ta taga.

Ra'ayina shi ne, hukuncin wuƙa yana rataye ga dalilin ɗaukarta, kuma mahauta sun fi kowa sanin haka, tun da wuƙa ɗaya ce ke halatta dabba ko ta bar ta mushe gwargwadon cikar sharuɗɗa. Fuƙaha'u sun gina mas'alar a kan asali biyu. Na farko ƙissar sahabi Arfaja bn As'ad, wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda aka guntule masa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sanya na azurfa ya yi ɗoyi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi da sanya na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Na biyu hadisin Ibn Mas'ud a Buhari da Muslim, mai tsananta hani ga masu tsaga jiki da masu feƙe haƙora su ƙirƙiri wushirya domin ƙawa. A kan wannan bambanci ne Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Putrajaya a 2007, ta halatta tiyatar da ke gusar da aibi ko cuta, ta hana sauya hanci lafiyayye da share tamoji matuƙar ba larura.

Ita allurar Botox dafi ne na wata ƙwayar cuta, ana tsarma shi a tsira a tsokar fuska don ya hana ta motsi. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ita domin tamojin tsakanin gira a 2002, tasirinta kuwa ba ya wuce wata uku ko huɗu, don haka wanda ya fara ya ɗauko wa kansa haraji. In kuma hannun da bai ƙware ba ya kuskure gurbi, fatar ido ta saki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana Sakkwato. Can akwai asibitin da aka kafa a 1999 domin yara masu ciwon noma, sunan da ya fito daga Girkanci, ba ruwansa da gona. Ciwo ne da ke farawa da gyambon dasashi ga yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci da leɓe da hanci, mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba su rasu, waɗanda suka rayu kuwa wasu muƙamuƙinsu ya ƙulle, loma ma ta gagara. Sai a Disamban 2023, bisa jagorancin Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Waɗannan yara su ne magadan rangwamen da aka yi wa Arfaja, kuma likitan da ya iya ɗebo fata daga ƙirji ya gina musu kunci, irin gwanintarsa ce ake saye da tsada domin rage faɗin hancin da Allah Ya halitta lafiya lau, yana shaƙar iska ba tare da wata matsala ba.