Dafa-duka Ba Girkin Ragwaye Ba Ne

'Yar'uwa, surukata takan ce dafa-duka girkin raguwar mace ne, wai gudun kaɗa miya. Abin ya tsaya mini a rai, na bi sawun tarihinta har Senegal. Sunan jalof ma daga tsohuwar daular Jolof ya fito. A garin Sen Luwi, bakin teku, mata suka riƙa haɗa kifi da kayan lambu da gutsattsarin shinkafar da Faransawa ke kawowa daga Indocina, har UNESCO ta karrama girkin nasu a 2021. Tumatirin da muke taƙama da shi kuwa baƙo ne, asalinsa Kudancin Amurka.

Tamu ta daddawa da manja da busasshen kifi na ɗora ranar da itace ya yi ƙaranci. Hajiya dai sai da ta nemi ƙari.