Zare: yaya ake gane masana'anta tana koyo?

1/ Jama'a, ɗalibi dai jarrabawa ake ba shi a gane ko karatu ya shiga. To masana'anta fa, da me za a gwada ta? Na bi tarihin abin, ashe daga jirgin sama ya faro. Ku biyo ni.

2/ A 1936 wani injiniyan Amurka, T. P. Wright, ya lura cewa duk lokacin da jimillar jiragen da aka ƙera ta ninka, aikin da jirgi ɗaya ke ci yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100. In na 10 ya ci awa 1,000, na 20 zai ci 800, na 40 kuma 640. Hannu ya faɗa kenan, kuma an samu ma'auninsa.

3/ Yaƙin duniya na biyu ya gwada maganar. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710. Na farko, Patrick Henry, kwana 244 ya ɗauka. Daga baya aka koma kwana 42 a matsakaici.

4/ Har akwai wanda aka haɗa cikin ƙasa da kwana 5 a 1942. Wannan dai burga ce, ku bar shi gefe.

5/ Shekara da shekaru ana kafa hujja da Liberty. Sai a 2001 masanin tattalin arziki Peter Thompson ya koma kan takardun. Ya nuna kaso mai tsoka na saurin daga sababbin injuna da kayan aiki ya fito. Mafi muni, jiragen da aka fi gaggawar haɗawa sun fi yawan tsagewa.

6/ Nan ne abin ya fi tsaya min a rai. An ƙirga awa, an tafa, alhali mutane ne za su hau jirgin su shiga teku. Ni dai ma'aunin da bai lissafa inganci ba, ban yarda koyo yake aunawa ba.

7/ Kuma masana'anta tana mantuwa fa. Lockheed ta ƙera jirgin fasinja TriStar guda 250. Da ta rage yawan ƙira a tsakiyar shekarun 1970, maimakon aikin kowane jirgi ya ci gaba da sauka yadda lissafin Wright ya ce, sai ya koma hawa. A 1981 kamfanin ya sanar zai daina ƙera jirgin.