Izinin Azabtarwa da Matsalar Infoma: Martani ga Dershowitz daga Kankiya da Kusada

Tun da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, wata muhawara ta Amurka ta samu gindin zama a Katsina, ko da masu yin ta ba su san mafarinta ba. A 2002 Alan Dershowitz, malamin shari'a a Jami'ar Harvard, ya ce tunda jami'an tsaro za su azabtar da wanda suka kama in rayuka na cikin haɗari, an yarda ko ba a yarda ba, gara a fito da abin fili: alƙali ya ba da takardar izini, a taƙaita ga azabar da ba ta kisa, a san mai ɗaukar alhaki. A ƙauyukan Kankiya da Kusada, inda hare-haren da a da ake jin labarinsu daga Batsari da Safana suka ƙaraso, maganar ta fi haka gajarta: infoma ba ya magana sai ya ji a jikinsa.

Matsayin doka ba ya buƙatar dogon bayani. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999, da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 mai hukuncin ɗauri har na shekara 25, da sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011, duk sun toshe wannan ƙofa. Sai dai Dershowitz ya san irin waɗannan dokoki. Abin da yake cewa shi ne munafunci ne a rubuta su alhali ana karya su a ɗakunan bincike. Nan ya kamata a tare shi.

Hujjarsa tana da ƙarfi, bai kuma dace a raina ta ba. Uban da aka ɗauke wa 'ya cikin dare, ya sayar da gona da shanun huɗa don haɗa kuɗin fansa, ba zai saurari lacca kan mutuncin wanda ya nuna gidansa ba. Amma hujjar ta jingina ne da sharuɗɗa uku a lokaci guda: an tabbata wanda ke hannu shi ne mai laifin, an tabbata ya san abin da ake nema, kuma za a iya gane gaskiyar abin da ya faɗa kafin lokaci ya ƙure. Ko hukumar CIA, duk da kuɗinta da na'urorinta, ba ta iya haɗa ukun ba. Rahoton kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka na Disamban 2014 ya nuna an shaƙe Khalid Sheikh Mohammed, jigo a Alƙa'ida, da ruwa sau 183. Ana ɗaure mutum a kan katako, a rufe masa fuska da ƙyalle, a yi ta kwarara ruwa har ya ji nutsewa yake yi. Cikin abin da ya furta har da labarin ƙarya na shirin ɗaukar baƙaƙen fata Musulmi a jihar Montana, wanda jami'ai suka ɓata lokaci suna bi. Ibn al-Shaikh al-Libi kuwa, da aka miƙa shi Masar, ya ƙirƙiro alaƙa tsakanin Iraƙi da Alƙa'ida. Maganar ta shiga jawabin Colin Powell a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, daga baya al-Libi ya janye ta.

A nan dole a rage faɗin da'awar. Waɗannan misalai ba su tabbatar da cewa azaba ba ta taɓa fito da gaskiya ba. Wani lokacin tana fitarwa, kuma mai musun haka ya wuce inda shaida ta tsaya. Abin da suka nuna shi ne mai azabtarwa ba shi da hanyar rarrabe gaskiyar da ƙaryar a lokacin da yake jin su. Wannan kaɗai, a ganin marubucin, ya isa ya rusa batun takardar izini a yanki irin na Kankiya.

A duba wanda ake kamawa. Da wuya ya zama jagoran daba daga dajin Rugu. Galibi ɗan acaɓa ne, ko mai sayar da burodi, ko mai bunburutu, ko makiyayin da aka gani a kasuwa da baƙuwar fuska. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta san da wannan sarƙa ta cinikayya, shi ya sa a 2021 ta hana sayar da fetur a jarka. Amma wanda ya kai wa 'yan bindiga fetur don an ce za a ƙone garinsu in bai kai ba, da wanda ya kai don riba, da wanda maƙwabci ya yi wa sharri saboda rikicin iyakar gona, duk kuka ɗaya za su yi in aka rataye su. Kowannensu zai ambaci suna, domin suna ne kawai ke tsayar da duka. Sunan da ya fi saurin zuwa baki kuma shi ne na wanda aka riga aka tsana, sau da yawa Bafillatanin rugar da ke kusa. Alƙalin da za a kai wa buƙatar izini da tsakar dare ba shi da komai a gabansa sai maganar jami'in da ya zo nema.

Mai yiwuwa a ce fiƙihu ya goyi bayan Dershowitz, tunda wasu malaman Malikiyya sun halatta dukan wanda ake tuhuma in ya shahara da ɓarna, kuma Ibnul Ƙayyim ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: mutumin kirki, wanda ba a san halinsa ba, da sanannen mai ɓarna. Gaskiya ne, ba kuma za a ɓoye ba. To amma wanda ba a san halinsa ba tsarewa aka ce a yi masa har a bincika, kuma mafi yawan waɗanda ake kira infoma a wannan gida suke. Imam Gazali ma ya ƙi dukan gaba ɗaya, bisa hujjar cewa kuɓutar mai laifi ta fi sauƙi a kan a doki marar laifi.

Akwai kuma asarar da lissafin Dershowitz bai ƙirga ba, wadda Arewa ta riga ta biya. An kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Yulin 2009. A 2015 Amnesty International ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011, da yawansu a barikin Giwa da ke Maiduguri. Binciken hukumar UNDP na 2017 kan waɗanda suka shiga ƙungiyoyin ta'adda a Afirka ya gano kashi 71 cikin ɗari sun ce wani aikin gwamnati ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa, ya ingiza su a ƙarshe.

Wannan ya shafi rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 kai tsaye. Jarinta shi ne 'ya'yan gari ne, mutane na iya raɗa musu abin da ba za su faɗa wa baƙon soja ba. Matar da ta san ƙanenta na kai saƙo daji za ta iya tona shi in ta tabbata kotu za a kai shi. In tana tsoron gawarsa za a dawo mata da ita, shiru za ta yi. Dokar Gudanar da Shari'ar Manyan Laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki iƙirarin wanda ake zargi a rubuce, a kuma iya naɗar sa a bidiyo, a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa. Wayar da za a naɗa da ita tana aljihun kusan kowane jami'i a ofishin 'yan sandan Kankiya da na Kusada.