Ma'anar Kalmar Girkanci "Fobos" a Sabon Alkawari da Matsayinta a Hausar Yankin Dantchiao

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kalmar Girkanci φόβος, wato fobos, wadda ake fassarawa da "tsoro" a Littafi Mai Tsarki na Hausa. An kwatanta wuraren da ta zo a Sabon Alkawari da yadda Hausawan yankin Dantchiao, cikin gundumar Magarya ta jihar Damagaram a Nijar, ke sarrafa "tsoro" a maganar yau da kullum. Sakamakon ya nuna cewa "tsoro" ta dace da fobos inda ake maganar Allah ko haɗari, amma tana karkatar da ma'ana inda ake maganar zaman mutum da mutum.

Gabatarwa

Dantchiao ƙasar manoma ce da ke dab da iyakar Nijeriya, kuma galibin mazaunanta Musulmi ne. Kiristoci tsiraru ne a duk faɗin jihar, duk da cewa mishan na SIM sun sauka a Damagaram tun 1924. Littafi Mai Tsarki na Hausa da Kiristocin ke karantawa ya biyo ta hannu da yawa: J. F. Schön ya fara fassara sassansa a ƙarni na 19, sannan cikakkiyar fassara ta fito a 1932, wadda Dakta Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kanta. Waɗanda suka yi lakwal kuwa sukan haɗa da fassarar Faransanci ta Louis Segond. Tambayar ita ce: idan Bahaushe ya ji "tsoro" a wa'azi, abin da marubucin Girkanci ya nufa yake ji?

Asalin kalmar

A tsohon Girkanci na waƙoƙin Homa, fobos na nufin gudun da mayaƙa ke yi idan suka firgita a fagen daga. Daga baya ta koma sunan firgitar kanta. Babban sauyi ya zo ne lokacin da Yahudawan Iskandariya suka fara fassara littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. A wannan fassara, da ake kira Septuwajinta, sun ɗauki fobos suka ɗora mata nauyin kalmar Ibrananci yir'ah, wadda ta ƙunshi tsoron Ubangiji da Karin Magana 1:7 ya mai da tushen ilimi. Marubutan Sabon Alkawari sun gaji kalmar da fuskokin nan biyu. Sunan ya zo fiye da sau 40, aikatau ɗinsa fobeomai kuma fiye da sau 90.

Fuskoki uku na fobos

Fuska ta farko ita ce razana a gaban haɗari ko abin al'ajabi, kamar ta makiyaya a Luka 2:9. Markus 4:40-41 ya fi kowane wuri bayyana bambancin. Bayan Yesu ya kwantar da guguwar da ta taso a teku, ya tsawata wa almajiransa da kalmar deilos, wato matsoraci ko rago. Daga nan kuma, sai marubucin ya ce babban fobos ya kama su. Na farko aibi ne, na biyu kuwa gane ikon wanda ke tare da su cikin jirgi ne. Haka ma ruhun da 2 Timoti 1:7 ta ce ba daga Allah yake ba, deiliya ne, wato ragwanci, kalmar da sau ɗaya tak ta zo a Sabon Alkawari.

Fuska ta biyu ita ce tsoron Allah a matsayin hali. Ayyukan Manzanni 10:2 ta siffanta Karniliyas, hafsan sojan Roma, da wannan aikatau, tare da sadaka da addu'a. A 9:31 kuma an haɗa tsoron Ubangiji da salama da ƙaruwar ikkilisiya. Wannan ne ya sa 1 Yahaya 4:18, inda ƙauna ke korar fobos, ba ta saɓa wa sauran ba, domin ayar da kanta ta danganta wancan tsoro da hukunci.

Fuska ta uku ita ce girmama ɗan'adam. Romawa 13:7 ta yi amfani da fobos game da mahukunta, Afisawa 5:33 kuma ta yi amfani da aikatau ɗin game da mace da mijinta.

Tsoro a bakin Bahaushe

A fuska ta biyu Hausa ba ta da matsala, domin Musulunci ya riga ya share fagen. Malaman zaure sun daɗe suna fassara taƙawa da "tsoron Allah". A kasuwar Magarya, idan mai awo ya danne bakin tiya ya rage hatsi, mai saye ba ya kiran hukuma, cewa yake yi, "Haba malam, ka ji tsoron Allah!" Ba wanda zai ɗauka ana nufin ya gudu ko ya yi makyarkyata, ana nufin ya tuna da Mai gani, ya cika mudu. Idan aka ce wa mutum "mai tsoron Allah" an yabe shi, idan aka ce "matsoraci" an zage shi, alhali saiwar kalmar ɗaya ce. Wannan rabo ya yi daidai da na fobos da deiliya.

Inda gizo ke saƙar shi ne fuska ta uku. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Matar da ba ta ambatar sunan mijinta, sai dai ta ce "maigida" ko "malam", kunya da ganin girma take nunawa. Idan aka ce tana tsoronsa, mai sauraro zai zaci akwai duka ko muzgunawa a gidan. Segond ma ya kauce wa wannan, ya sa kalmar girmamawa a Afisawa 5:33. Game da sarakuna kuwa, Hausa na da "kwarjini" da "ladabi", waɗanda suka fi kusa da nufin Bulus a Romawa 13:7.

Batun bai tsaya ga nahawu ba. A watan Janairu 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Al'ummar da ta ga haka tana bukatar mai wa'azi ya rarrabe mata fargabar da nassi ke lallashi a kanta, da ragwancin da yake zargi, da tsoron Allah da yake umarni da shi.

Kammalawa

Ma'anar fobos tana rataye ne ga wanda ake tsoro da kuma dalilin tsoron. Maƙalar na ba da shawarar a bar "tsoro" inda ake nufin Allah ko haɗari, a sa "ragwanci" a madadin deiliya, a kuma zaɓi "girmamawa" ko "ganin girma" a sha'anin aure da mulki. Ya kamata makarantun horar da fastoci a Nijar su koyar da wannan rarrabewa da misalan Hausa, maimakon dogaro da Faransanci kaɗai.