Gidan Makama: Ka Ɗaga Kai Ka Dubi Rufi

Mai karatu, in ka taɓa shiga Gidan Makama da ke daura da fadar Sarkin Kano, na san abin da ka tsaya kallo: tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, kayan yaƙi, hotunan sarakuna. Mutane ƙalilan ne ke ɗaga kai sama. Alhali a gani na, duk kayan tarihin da ke gidan babu wanda ya kai shi kan sa ginin daraja.

Tarihi ya nuna a ƙarni na 15 aka gina gidan domin Muhammadu Rumfa, lokacin ya na riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon Kano a 1463, sai ya gina fadar da mu ke kira Gidan Rumfa, wannan kuma ya ci gaba da amsa sunan Makama. Da Turawa su ka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sarki Alu ba ya gari, nan su ka fara kafa ofishin su. Ka ga kenan soron da hakimai su ka yi shawara a ciki, shi ne kuma Bature ya baje takardun sa. Daga baya aka raba gidan, wani ɓangare ya zama makaranta, wani kuma gidan adana kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

To, mu koma kan rufin. Maginin Hausa na da matsala guda: azara, wato giginyar da aka tsaga, gara ba ta cin ta, amma in aka shimfiɗa ta ta wuce kamar mita 2 babu abin tokara, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Yaya za a yi a samu soro mai faɗin da zai ɗauki taron fada? Sai magina su ka riƙa dasa azara a cikin bango, su ɗaura wata a kan wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasan ta ta na karkata ciki, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya. A lulluɓe da ƙasa, ya fito kamar baka. Shi ne bakan gizo. In bakunan su ka gitta juna su ka ɗauki tulluwa, an samu ɗaurin guga kenan. Babu ƙarfe, babu siminti, babu ginshiƙi a tsakiyar ɗaki da zai tare wa mai gaisuwa fuskar mai sarauta.

Bangon kuwa da tubali aka yi shi, mai kauri daga ƙasa, ya na sirancewa in ya yi sama. Shi ya sa ko a watan Afrilu za ka ji sanyi-sanyi a ciki. A waje ga zankaye a kusurwoyi, ga indararo na watsar da ruwa nesa da gindin bango, ga makuba ta ɗorawa da ake shafawa don damina.

Sai dai kada wani ya ce maka duk ƙasar da ke jikin gidan hannun magina Rumfa ne ya ɗora ta. Ginin ƙasa ba ya shekara 500 sai da yaɓe da gyara a kai a kai. Abin da ya rayu shi ne sanin yadda ake yi, daga uba zuwa ɗa a ƙarƙashin Sarkin Magina. Yau yara nawa ke koyon ɗaurin guga? In aka rasa su, siminti za a shafa, shi kuwa siminti ya na riƙe danshi a cikin bangon ƙasa har ya ci shi ta ciki.

Nan ne na ke ganin laifin 'yan fim ɗin mu. A ce za a yi fim ɗin sarauta, sai ka ga an jera kujerun falo, an rataya labule mai ƙyalƙyali, wai fada! Darakta ya je ya zauna a soron Gidan Makama ko na awa ɗaya ne, ya ga yadda haske ke shigowa ta 'yar taga ya sauka wuri guda, sauran ɗakin na cikin duhu-duhu, ya kuma saurari yadda murya ke fita a nutse babu amsa-kuwwa. Sannan ya sa mai kyamara ya durƙusa ƙasa, daidai inda talaka ke faɗuwa gaisuwa, ya ɗauko bakan gizon daga can.