Ofis a Zaure: Nazarin Aiki Daga Gida a Dutse da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta duba aiki daga gida a Dutse da maƙwabtanta irin su Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Hujjarta ita ce tsarin na rage wa ma'aikaci kuɗin mota, amma yana ɗora masa ɗawainiyar da ofis ya saba ɗauka.

Gabatarwa

Neman abinci a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun 1969 mai bincike Polly Hill ta yi rubutu kan cinikin da matan aure ke yi daga ɗakunansu, yara na kai musu talla. Sabon abu shi ne mai albashi ya yi hakan. Annobar korona ce ta kawo shi a Maris 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida. Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya sake tayar da batun, har Kwara da Edo suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako.

Amfani

Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991, Dutse, babban birnin jihar, garin ma'aikata ne. Da yawansu iyalinsu na Kano, Haɗeja ko Gumel: Litinin su zo, Juma'a su koma, tukunya biyu a albashi ɗaya. Irin wannan ma'aikaci, da mace mai goyo, su ne tsarin zai fi yi wa rana. Ba lallai aikin ya ragu ba: binciken Nicholas Bloom da abokansa a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, wanda aka buga a 2015, ya gano ƙwazon masu aiki daga gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari.

Matsaloli

Sai dai ma'aikatan Ctrip ba su saya wa kansu kwamfuta ba. A Dutse, wanda ya koma gida shi zai ji da janareta ko sola, musamman a zafin Afrilu, shi zai sayi data, alhali a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ga kuma fayil na takarda, wanda ba ya motsi sai da sa hannu da masinja.

Babbar matsalar, a ganin mai wannan nazari, ta zamantakewa ce. Gidan Bahaushe ba wurin keɓewa ba ne. Da an yi sallama aka ce "yana ciki", dole ya fito zaure, ko gayyatar suna ce ko sanarwar jana'iza. "Ina aiki" ba uzuri ba ne a gaban kawu. Mace kuwa, tunda tana gida, girki da reno nata ne, ko da tana taron ofis a waya.

Ko a Ctrip, kusan rabin waɗanda suka gwada sun zaɓi komawa ofis, galibi saboda kaɗaici, kuma ƙarin girman masu aiki daga gida ya yi jinkiri. Haɗarin ya fi girma a ma'aikatar da rajistar halarta da idon shugaba ne ma'aunin ƙwazo.